Kawu, Mai Injin da Ya Koma ga Turmi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan Innata ciki ɗaya, ya amsa kiran Ubangijinsa da hantsin wata Laraba, yana zaune a gindin dogonyaron ƙofar gidansa, rediyonsa na ta surutu a kan cinyarsa. Matarsa ce ta fito masa da fura, ta miƙa, ta ga bai karɓa ba.

Ina Gummi, inda nake koyarwa, labarin ya iske ni. Ƙauyenmu na can tsakanin Anka da Bukkuyum, kuma hanyarsa a yanzu ba a bin ta sai da addu'a a baki. Da ƙyar na samu mai kabu-kabun da ya yarda ya kai ni, shi ma sai da ya ji cewa mutuwa aka yi. Na iso an gama yi masa sutura.

A zaure na tarar da tsofaffin garin sun jeru a kan tabarmi. Na durƙusa muka gaisa, suka yi mini gaisuwar rashi. Ina wucewa na ji ɗaya yana cewa, "Shi na hwa yah hwara kawo inji garin ga." Na kusa da shi ya ce, "Shi na kuma yah hwara kashe nai." Kowa ya koma jan tasbaharsa. A cikin gida kuwa, wata tsohuwa da ba ta haɗa komai da mu ba ita ta fi kowa kuka. Tana share hawaye da gefen zane tana cewa, "Mutumin ga ya daka min hatci ranad da hannuna yaƙ ƙi ɗaukat taɓarya. Wane namiji ka yi ma wata hakan ga?" Da samari suka shigo ɗaukar makara, na ji ɗaya yana raɗa wa ɗan'uwansa, wai ashe tsohon nan ne mai daka kamar mace. Ba da raini ya faɗa ba, iyakar abin da ya sani game da Kawu ke nan. Maganarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Mutum ɗaya ce ba ta shigo ba, ita ce Inna. Katanga ɗaya ta raba gidanta da nasa. Ta zo bakin ƙofar cikin gida ta tsaya, ta dafa bango. Liman ya ɗaga murya daga zaure, ya roƙi duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa, mata suka amsa baki ɗaya cewa sun yafe duniya da lahira. Ni bakin Inna nake kallo, kuma bai motsa ba. Tun shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyenmu ba ta ƙara yi wa yayanta magana ba. Shi kuwa da bakinsa ya faɗa mini cewa ba abin da ya rage masa nema a duniya sai ya ji ta ce ta yafe. Haka aka fita da shi bai ji ba.

Kawu mutumin inji ne tun yana saurayi. Ya yi aiki a gidan gurzar auduga a Gusau, zamanin da auduga take auduga, aikinsa zuba mai da goge ƙarafa. Ya dawo gida da guntun ɗan yatsa, da tarin da bai taɓa rabuwa da shi ba, da kuma wani labari da ya ji daga bakin tsohon makaniken da ya yi wa yaron aiki. Labarin nan ba wanda ya tashi a gidanmu bai haddace shi ba. Ko maganar kaji aka ɗauko, sai Kawu ya san yadda ya karkata da ita ta faɗa Amurka.

"Can Amurka, dauri," zai fara, yana gyara zama, "bayi na ka gurzak kaɗa da hannu, awa kakanninku da magurji. Mutum shi wuni bai cika kwando ba. Sai wani yag ga mussa ta zura hannu cikin akurki, ba ta kama kaza ba sai gashi tak kwaso. Yac ce to, ga dabara. Yay yi ɗan akwati mai haƙora, shi jaye kaɗa shi bar angurya."

Mu kuma, da yake mun san wurin da ake tambaya, sai mu ce, "To Kawu, bayi sun huta ke nan?"

"Ina hutu! Da masu gona sunka ga inji na cin kaɗa ba shi ƙoshi, sai sunka ƙara gonaki, sunka ƙara sayen bayi. A raba uwa da ɗiyanta a kai su wata ƙasa. Daga nan anka yi injin zare da na saƙa, anka kwashe 'yammata da ƙananan yara daga ƙauyukka, su wuni tcaye cikin ƙura." Sai ya ɗaga guntun yatsan nan ya rufe da maganar da ta zame masa kamar sallama: "Inji ba shi gajiya, kuma ba shi tambaya. Abin da kab ba shi, shi za ya ci."

Da na je kwalejin horon malamai na tarar labarin haka yake, injin gurzar kaɗa, wato auduga, ya faɗaɗa bauta maimakon ya rage ta, masaƙu kuma sun ci ƙarfin mata da yara. Zancen mussa, wato kyanwa, shi ne kawai malaminmu ya ce gishiri ne aka ƙara. Da na kawo wa Kawu wannan, ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Shi malamin naku shina wurin?"

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, Kawu yana ba da labarin nan ne kamar mai ba da labarin gobarar wani gari. Bai taɓa kawo wa ransa cewa wutar za ta iso nan ba. Yakan buga ƙirji ya ce nasa injin ba bawa ya kama ba, bayi ya 'yanta. Kuma gaskiya ya faɗa. Kafin ya kawo injin niƙa, ƙarar taɓarya ce ke tashin ƙauyenmu, ita ce kuma ke raka rana faɗuwa. Tafin hannun Inna duk kanta ne, in ta shafa maka fuska sai ka ji kamar an goga maka dutsen wanka. Ranar da aka sauke injin daga amalanke mata suka yi ta guɗa, maza kuwa suka koma gefe suna gunaguni, wai tuwon inji ba ya riƙe ciki, wai in mata suka huta da daka tsegumi zai ƙaru. Inna ce ta fara kai ƙwaryar tsabarta, ta tsaya kusa da yayanta tana dariya har ana ganin dasashinta. A shekarar ta sake ni na shiga makaranta, don ba ta ƙara bukatar hannuna a turmi ba. In ban da injin Kawu, da ban taɓa riƙe alli ba.

Haka na san shi yawancin rayuwata: fari fat da gari har gashin gira, kunne ya yi nauyi saboda ƙara, yana yi wa mutum ihu alhali gaisuwa yake. Yana da saurin fushi da yaran da ke wasa kusa da bel ɗin injin, yana kuma da alewa a aljihu saboda su ɗin dai. Amma abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne wankin inji. Duk mai niƙa ya san wannan aiki. In an niƙa barkono ko wake, ba a ɗora gero a kai kai tsaye. Sai a zuba kwanon dusa a bakin injin ta bi ta farantai ta kwaso abin da ya maƙale, a ture ta gefe, sannan a kira na gaba. Wasu masu injin kan yi ha'inci su tsallake, Kawu bai taɓa ba. In dusar ta fito, sai ya dangwala yatsa a bututun ya ɗora a harshe, ya lumshe ido yana saurare, sai ya tabbata ba yaji sannan ya ce a zuba. Dusar wankin kuma agwagin matarsa ake watsa wa, shi ya sa suka fi na kowa ƙiba.

Sai zinari ya zo. Baƙi daga nesa suka cika dazukanmu, samarinmu suka ajiye fartanya suka bi su. Ana kawo duwatsu cikin buhuna, a farfasa, a niƙa su su zama gari, a wanke a tsince ƙwayar. Ba da wani abu ake niƙa su ba sai da irin injin hatsin nan, a tsakar gidaje, kusa da randa da murhu. Ɗan Kawu, taubashina, shi ya matsa wa mahaifinsa lamba, ya ce kowa na samu su suna zaune. Kawu ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda bisa sharaɗi: hatsi da safe, dutse da yamma, kuma shi da kansa zai yi wanki a tsakani, da dusa ninkin wadda ya saba.

Ina wurin ranar da Inna ta je ta same shi. Ta tsaya ta jira ya kashe injin, ta ce, "Yaya, dutci da hatci baki guda? Raina bai kwanta ba."

Ya yi dariya, ya kakkaɓe hularsa. "Ke dai da tcoro. Tun yaushe nika wanke barkono cikin injin ga? Kin taɓa jin yaji ga kununki?"

"Barkono abinci na, Yaya. Wanga ƙasa ta."

"To ƙasa ta hi barkono naci? Zo ki ɗanɗana." Ya dangwalo ya sa a harshensa, ya miƙa mata ita ma. Ba ɗaci, ba yaji, ba wari. Ya ce, "Yarda da ni, ƙanwata. Aikina na."

Ta yarda da shi. Duk rayuwarta ba ta taɓa ganin ya yi kuskure a kan inji ba.

Lokacin ina aure a ƙauye, ina koyarwa a firamarenmu, da 'ya'ya biyu: mace babba, da namiji wanda aka sa wa sunan mahaifin su Inna. Saboda haka daga Inna har Kawu, ba mai kiran sunansa, Baba suke ce masa. Kawu kan cire hula ya rusuna wa yaron da ko magana bai iya ba, ya ce, "Baba, an tashi lahiya? A sa muna albarka." Da lokacin yaye ya yi, Inna ta ɗauke shi zuwa ɗakinta kamar yadda aka saba. Kunu ne abincinsa safe da yamma, da garin da ake niƙowa a injin Kawu, ita ke damawa, ita ke ba shi da ludayi.

Agwagi ne suka fara mutuwa. Aka ce ciwon kaji ne ya shigo. Sai yara suka fara amai, suna sanƙarewa, suna taune-taune, ido ya kafe. Aka ce iska ce, aka ce sanƙarau ne, aka yi rubutu aka yi turare. Muka ji cewa a Abare da Sunke ma haka ake ciki. Maƙabartarmu ta cika da ƙananan kaburbura, har ya zama in an ji kuka ba a tambayar wa ya mutu, sai dai a tambayi gidan wa. Baba ya cika a hannuna, a bayan babur, a kan hanyar Anka. Na ce wa mai babur ya ci gaba da tafiya, don na kasa faɗa masa ya juya. Har yau in na ji ƙamshin kunun tsamiya sai zuciyata ta tsinke.

Da likitoci suka zo suka auna jinin yara da ƙasar gidaje, aka tara mu a ƙofar gidan mai gari aka yi mana bayani. Dutsen da ake niƙawa cike yake da dalma, ƙurarsa ce yara ke shaƙa, suke haɗiya. Kawu ya miƙe a cikin taro, ya ce shi fa yana wanke nasa da dusa, yana kuma ɗanɗanawa. Mai yi wa likitocin fassara ya sassauta murya ya ce masa, "Dattijo, dalma ba ta da yaji. Harshe ba ya jin ta." Suka ƙara da cewa ƙurar ta game ko'ina, injuna sun yi yawa, ba mai iya cewa ga ta inda ta shiga jikin wane. Ƙofa ce aka buɗe masa ya fita ta ciki, ya ƙi. Ya zauna a ƙasa ya kama kai, abin da kawai yake maimaitawa shi ne, "Na kashe Baba."

Da aka zo kankare ƙasar gidaje ana kai ta rami, ya kwance farantan injinsa ya jefa su cikin buhunan da za a binne. Gangar jikin tana nan bayan gidansa, tsatsa ta cinye ta, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Taubashina ya kasa haɗa ido da kowa, ya bi masu haƙa zuwa wani daji, zuwansa gida sai jefi-jefi.

Sai Kawu ya sa aka sassaƙa masa turmi da taɓarya, ya ajiye a gindin dogonyaron nan. Ya fara aika wa gidajen da suka rasa yara cewa duk mai tsaba ta kawo. Da farko ba wadda ta kawo, wa zai kai wa dattijo daka? Ya shiga bi da kansa yana karɓowa. Ƙauyen ya ɗauka. Wasu suka ce ya taɓu, yara suka yi ta leƙe suna dariya, abokansa suka same shi suka ce yana zubar da girmansa da nasu. Ya ce musu, "Ni niɗ ɗauke musu taɓarya, nib ba su makoki. Ku bar ni in mai da abin da nika iyawa." Daga baya wasu sun kafa injunan hatsi a bakin kasuwa, nesa da dutse, mata suka koma can, don ba mai son komawa wahalar da. Shi dai bai fasa ba. Tsofaffi da masu jego da marasa lafiya su suka zama nasa. Dakansa ma ba wani kyau gare shi ba, in faɗi gaskiya, garin kan fito da tsaki-tsaki. Ba wadda ta taɓa faɗa masa.

'Yata ma ta kamu, ta sha magani ta tashi, amma gubar ta bar mata tabo a ka. Ga ta nan ta zama budurwa, uwarta malama, ita kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa. Na yi kuka a kan wannan har na gaji. Kawu ne kaɗai bai taɓa nuna mata ta gaza ba. Amaryata yake ce mata. In mun zo hutu, sai ya zaunar da ita kusa da turmi ya ba ta faifai, ya koya mata bakace da haƙurin da ban san yana da shi ba. In ta watsar da rabin tsabar, ya ce kaji ma baƙinsa ne. Aikin da ta iya a duniya ke nan, kuma ta iya shi da kyau.

Inna kuwa ta rufe bakinta. Ba ta zage shi ba, ba ta kai ƙararsa ko'ina ba, ta daina ganinsa ne kawai. In dole ta kama, ni ce 'yar aike. "Tai ki hwaɗa ma kawunki katangatai na zubowa." "Tai ki hwaɗa ma kawunki akuyatai ta shigo min." In ba na gari, maganar ta jira har in zo. Duk sallah sai ya zo ƙofar ɗakinta ya yi sallama, ya ajiye ƙwaryar garin da ya daka da hannunsa, ya tsaya jim, ya juya. Ita kuma ta bayar da garin ga maƙwabta.

Na yi fushi da ita, ba sau ɗaya ba. Wata rana na ce, "Inna, ni da na haife shi na yafe. Ke mene ne naki?"

Ta buɗe tafin hannunta tana kallo, ta ce, "Ke haihuwatai kikai. Ni nib ba shi da hannun ga, ludayi bayan ludayi, ina mai wasa don shi buɗe baki. Nac ce ma kawunki raina bai kwanta ba, yac ce in yarda da shi." Daga ranar ban ƙara matsa mata ba. Na gane in ta sauke laifin daga kansa, ba ta san inda za ta ajiye shi ba sai a kanta.

Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarsa, na iske ya rame, taɓarya ta fara fin ƙarfinsa. Ya ɗauko labarin Amurka kamar da, amma bai kai ga kyanwa ba ya tsaya. Ya ce, "Ɗiyata, kin gani? Shekara da shekaru ni ka ba da labarin ga, ashe ni ban ji shi ba. Su ma can ba mugunta mai akwatin yan nuhwa ba. Sauƙi yan nema ma mutane." Ya yi tari mai tsawo, ya share baki. "In Innakki ta ce ta yahe, ko kwana nikai ki tashe ni."

Ranar sadakar uku mata suka jiƙa geron gumba, suka tsane shi, ana neman wanda zai kai inji bakin kasuwa. Sai ga Inna ta shigo. Tun waccan shekara ƙafarta ba ta taka tsakar gidan ba, har matar Kawu ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Inna ba ta kalli kowa ba, ta ce, "Aje geron ga. A ɗauko turmi nai."

Aka mirgino shi daga gindin dogonyaro. Ta ɗaura ɗamara ta karɓi taɓarya, ta tsaya tana shafa wurin da hannunsa ya goge har ya yi santsi. Wata ta ce, "Inna, kawo a taya ki," ta ture hannunta. Ta fara daka, tsohuwa mai ciwon baya, tana yi tana nishi. 'Yata ta ɗauko faifai ta zauna a wurin da ta saba zama, ta ɗaga kai ta tambaya ko angonta ya kusa dawowa.

Inna ta yi ta yi har numfashinta ya sarƙe. Ta jingina da taɓarya, zufa da hawaye sun haɗe mata a haɓa, ta juyo gare ni da irin muryar da ta saba.

"Tai ki hwaɗa ma kawunki..."

Wallahi sai da na miƙe tsaye, har na gyara mayafi, kafin na tuna. Ita ma ta tuna. Muka tsaya muna kallon juna. Ta sunkuyar da kai, ta ƙarasa maganar a cikin turmin, a hankali: "Na yahe, Yaya. Ni ma ka yahe min."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haɗa shi da Baba a inda ba ƙura, Ya duba niyyarsa Ya rufe kuskurensa. Ni ce na yi ta kai masa saƙon katanga da na akuya, ga shi wanda ya yi ta jira ya zo ba ni da inda zan same shi. Ya Allah, Ka isar masa da wannan.